Wasan Babur Ba Tare Da Gudu Ba: Yadda Za Ku Shirya Yinin Atisayen Trial, Wayarku Ta Zama Alƙali

Duk mai yawan leƙa TikTok ko YouTube zai yi wuya a ce bai taɓa cin karo da bidiyon wani mahayi a tsaye kan siririn babur marar kujera ba, yana hawa dutsen da ko akuya sai ta yi tunani, kuma ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Wannan wasa sunansa trial, wasu na furta shi da tirayal. A maƙalar yau za mu yi bayanin yadda wasan yake, yadda matasa a ƙauyuka irin su Tungar Daji da sauran yankunan Anka, Gummi da Bukkuyum za su iya shirya yini guda na atisayensa da baburan da ke hannunsu, da kuma ayyukan da wayar salula za ta yi musu a ranar. Za kuma mu tsaya a kan abubuwa biyu da suka shafi wannan yanki kai tsaye, wato tsaro da gubar dalma, domin su ne za su yanke hukuncin inda za a yi wasan, ko ma a fasa shi.

Mene ne wasan trial?

A mafi yawan wasannin babur, wanda ya riga isa shi ne gwani. A trial kuwa, gwani shi ne wanda ya ratsa wuri mai wuya ba tare da ya dafa ƙasa da ƙafa ba. Ana shata gajerun sassa da igiya ko tutoci, a cikinsu akwai duwatsu, gungumen itace, gangare, yashi ko ruwa. Mahayi ɗaya ne ke shiga a lokaci guda, alƙali na tsaye yana lura da ƙafafunsa.

Wasan ya samo asali ne daga Birtaniya a farkon ƙarni na 20, lokacin da masu ƙera babura ke son nuna cewa kayansu na jure munanan hanyoyi. Gasar kwana shida ta Sikotlan, wadda aka fara a 1909, har yau ana yin ta a kewayen garin Fort William. A 1965 kamfanin Bultaco na Sifen, da taimakon zakaran wasan Sammy Miller, ya fito da babur mai suna Sherpa T, mara nauyi, wanda ya kori manyan baburan Ingila daga fagen. Hukumar wasannin babur ta duniya, FIM, ta fara gasar cin kofin duniya a 1975. Ɗan Ingila Dougie Lampkin ya ci kofin sau bakwai a jere daga 1997 zuwa 2003, sannan ɗan Sifen Toni Bou ya karɓe shi a 2007, ya riƙa cin sa kowace shekara har ya jera 18 a 2024. A ɓangaren mata, Laia Sanz ta Sifen ta ci kofin duniya sau 14.

Yadda ake ƙirga maki

Makin trial maki ne na laifi, saboda haka mai mafi ƙarancin maki shi ne ya ci. Ga yadda lissafin yake a kowane sashe:

Ka wuce ba ka sa ƙafa a ƙasa ba: 0.
Ka sa ƙafa sau ɗaya: 1.
Ka sa sau biyu: 2.
Ka sa sau uku ko fiye, amma ka fita: 3.
Ka faɗi, ko ka tsallake iyaka, ko ka sauka daga babur, ko ka kasa ƙarasawa: 5.

Dokar tsayawa cak ta bambanta daga gasa zuwa gasa. Wasu na yarda mahayi ya tsaya muddin ƙafarsa na kan mataki, wasu na ɗaukar tsayawa a matsayin faɗuwa. Ku zaɓi guda tun da safe, kowa ya ji da kunnensa.

Akwai hikima a wannan lissafi. Sa ƙafa sau ɗaya da gangan ya fi arha a kan dagewa har ka kife, domin 1 ya fi 5 sauƙi. Wato wasan da kansa yana koya wa mutum ya san iyakarsa, saɓanin wasan ganganci da ake yi da babura ranar ɗaurin aure ko rakiyar amarya, inda ihun 'yan kallo ke tura yaro ya ƙara murza totur.

Babur ɗin gasa da namu na gida

Babur ɗin trial na gaske nauyinsa kusan kilo 70 ne. Ba shi da kujera domin a tsaye ake tuƙa shi, tankinsa bai wuce lita biyu zuwa uku ba, giyoyinsa na farko gajeru ne ƙwarai, tayarsa ta baya kuma taushi gare ta kamar soso, ana barin iskarta kusan psi 4 kacal don ta rungumi dutse. Montesa, Beta, GasGas, Sherco da TRRS na cikin kamfanonin da ke ƙera shi. Akwai kuma masu amfani da lantarki, irin na kamfanin Electric Motion na Faransa, da Oset da ke yin ƙanana don yara.

Boxer, Daylong, TVS ko Honda da muke hawa sun haura kilo 100, cikinsu na kusa da ƙasa, salansa da injin ba su da kariya daga dutse, shokozobarsu an yi ta ne don ɗaukar kaya da fasinja. Duk wanda ya ce zai yi tsalle kan dutse da su kamar Toni Bou, kuɗin bakanike yake nema, ko kuɗin ɗori. Sai dai tushen wasan, wato daidaito, sarrafa kuloci da birki, da iya karanta ƙasa, duk ana koyonsu a kan kowane babur mai kuloci na hannu. Kuma su ne ainihin abin da mai zuwa kasuwar Gummi da buhu biyu a baya yake buƙata idan ya iso gangaren rafi ko yashin gulbi.

Kafin komai: ina za a yi?

A wani wurin wannan tambaya ce mai sauƙi. A yammacin Zamfara ba haka take ba.

Na farko, tsaro. Kowa a yankin ya san abin da ganin ayarin babura a bakin daji ke nufi. A farkon Janairun 2022 'yan bindiga a kan babura suka afka wa ƙauyuka da dama a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Gwamnati ta ce mutum 58 aka kashe, mazauna yankin suka ce adadin ya kai kusan 200. Tun a Satumban 2021 gwamnatin jihar ta taƙaita zirga-zirgar babura da sayar da fetur a jarka, kuma irin waɗannan dokoki na sauyawa lokaci zuwa lokaci. Matasa shida a kan babura a wajen gari na fuskantar haɗari ta fuska biyu: ɓarayin daji na neman babura ruwa a jallo, jami'an tsaro kuma na iya yi musu kallon da ba nasu ba. Don haka dokar farko ita ce a yi wasan a cikin gari ko dab da shi, inda mutane ke gani, kamar filin ƙwallo, filin makaranta ranar hutu, ko fako a bayan kasuwa. A nemi izinin mai gari ko mai unguwa, a sanar da Askarawan Zamfara ko jami'an da ke wurin rana da lokaci da adadin babura, a kuma tambayi dokar babur da ke aiki a wannan makon. In an ce a dakata, a dakata. In an samu labarin motsi a kusa ko da safiyar ranar ne, a ɗage. Filin ba ya gudu.

Na biyu, dalma. Tungar Daji na cikin ƙauyukan da annobar gubar dalma ta shafa a 2010, tare da Dareta, Abare, Sunke, Duza da Bagega a Anka, da Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum. Duwatsun zinaren da ake niƙawa a cikin gidaje na ɗauke da dalma mai yawa, ƙurar ta cika tsakar gida, yara fiye da 400 suka rasu. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yaran, kamfanin TerraGraphics na Amurka ya jagoranci kwashe gurɓatacciyar ƙasa aka binne ta a keɓaɓɓun ramuka. Aikin Bagega sai a 2013 aka yi shi. Dalma ba ta ruɓewa, shekara nawa ta yi tana nan. Tulin ƙasar da aka wanke zinare da tsofaffin wuraren niƙa na da kyan gani ga mai neman tudu da gangare, amma tayar babur na tayar da ƙurar da za ku shaƙa, ku kuma kai ta gida a riga da takalmi, inda ƙananan yara ke rarrafe suna sa hannu a baki. Kada a yi wasa a wurin niƙa ko wanke dutse, tsoho ko sabo, ko inda aka binne ƙasar da aka kwashe, ko kusa da ramukan haƙa. Dattawan gari sun san wuraren, a tambaye su.

Bayan waɗannan, sai haƙƙin mutane. Ba a shiga gona da damina. Bayan girbi ma sai da yardar mai ita, a kuma kula da tushen karan dawa da gero da ƙayar aduwa, domin suna fasa taya suna huda ƙafa. A nisanci suri saboda macizai, a nisanci maƙabarta da hanyar dabbobi.

Shirya babur da shirya jiki

Kwana ɗaya kafin ranar, a duba birkin gaba da na baya, a daidaita wayar kuloci yadda yatsa ɗaya ko biyu za su iya jan sa, a ɗaure sarƙa a sa mata mai, a duba baƙin mai. A tabbatar totur na komawa da kansa idan an sake shi. A kwance madubai a ajiye don kada su fashe. Lita ɗaya zuwa biyu na fetur ya ishi babur ɗaya, kuma tankin da ba a cika ba ya fi sauƙin sarrafawa.

Game da iskar taya, kada a kwaikwayi psi 4 na 'yan gasa. Tayoyinmu masu tub ne; in iska ta yi ƙasa da yawa, dutse zai matse tub ɗin da rim ya tsaga shi, ko tayar ta zame ta tsinke bawul. A rage kaɗan daga yadda mai faci ya saba sawa, a mayar kafin a hau titi.

Hular kwano dole ce. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana kawowa sun nuna hular da aka sa daidai na rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42 cikin 100, raunin kai kuma da kusan kashi 69. Lokacin da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta fara tilasta sa ta a Janairun 2009, an ga 'yan acaɓa na kifa ƙwarya a kai don su wuce jami'ai, amma dutse bai san wannan dabara ba. Ko hula ɗaya ce gare ku ta isa, tunda mutum ɗaya ke shiga sashe. A riƙa miƙa ta, kowa ya ɗaure igiyar haɓa. A sa takalmi rufaffe mai rufe idon sawu, dogon wando mai kauri da safar hannu. Silifa, babbar riga da rawani mai jela su jira a inuwa, domin sarƙa da sipok na kama su.

Sassa biyar da za ku iya shatawa

Toka, igiya, tsofaffin tayoyi da robobin ruwa da aka cika da yashi sun isa kayan aiki. Faɗin kowane sashe ya kai kamar mita ɗaya da rabi.

1. Tafiyar hawainiya. Layi miƙaƙƙe mai tsawon mita 10. A giya ta ɗaya, a tsaye kan mataki, ana son mahayi ya daɗe bai fita ba. Wanda ya ɗauki daƙiƙa 30 yana tafiyar kilomita 1.2 ne a awa, ƙasa da tafiyar tsohuwa mai sanda. Sirrin shi ne totur ya tsaya wuri guda, kuloci na riƙe a inda ya fara kamawa, ƙafar dama na taɓa birkin baya a hankali.

2. Lamba takwas. Tayoyi biyu a ƙasa, tazarar mita 5 zuwa 6, a zagaye su. Babur ne ke kwantawa cikin kwana, jiki kuma ya koma waje, nauyi a kan matakin waje. Idon mahayi ya riga tayar gaba zuwa inda ake so a je. Wanda ya kalli ƙasa, ƙasa zai je.

3. Tsallake itace. A fara da icen da kaurinsa bai wuce tsawon tafin hannu ba, a kafe shi da turaku don kada ya mirgina. A tunkare shi kai tsaye, a durƙusa kaɗan dab da shi, a miƙe tare da ɗan murza totur don gaba ya yi sauƙi, a sassauta kafin tayar baya ta hau. Kunyoyin gonar da aka girbe ma na yin wannan aiki.

4. Hawa da gangara. Wajen hawa, jiki ya matso gaba, a samo ƙarfin tun daga ƙasa. Wajen sauka, ɗuwawu ya koma baya, hannaye a miƙe, giya ta ɗaya, birki biyu a hankali. Damƙe birkin gaba a gangaren tsakuwa shi ne hanya mafi sauri ta zuwa ƙasa.

5. Yashi. Nauyi a baya, totur daidai ba yankewa, a saki kan babur ya ɗan yi rawa ba tare da an yi kokawa da shi ba.

Me ya sa ake tsayawa? Idan kana zaune, kai da babur kun zama abu ɗaya, duk inda ya karkata ka bi shi. Idan ka tsaya, gwiwoyinka sun zama ƙarin shokozoba, kuma kana iya gyara daidaito ta hanyar danna mataki ɗaya ko ɗayan kafin babur ya yi nisa da karkata.

Ayyuka biyar da wayarka za ta yi

Alƙalanci da bidiyo. Gardamar “ƙafarka ta taɓa” da “wallahi ba ta taɓa ba” ita ke ɓata irin wannan taro. Yawancin wayoyin Tecno, Infinix, Redmi da Samsung na da Slow motion a cikin manhajar kyamara. Bidiyo na yau da kullum hotuna 30 ne a daƙiƙa. Idan waya ta ɗauki 120 ta nuna su a kan 30, motsi ya ragu sau huɗu. Idan 240 ne, sau takwas. Mai ɗauka ya tsuguna a gefe, rana a bayansa, waya a kwance, tayoyi biyu da ƙafafu duk a cikin allo. Kada a yi amfani da zuƙowa, gara a matso. Wannan yanayi na son haske sosai, don haka da safe ya fi kyau a kan dab da magariba.

A kula da ma'ajiya. A lissafin da iPhone ke nunawa, minti ɗaya na 1080p a kan 240 na cin kusan MB 480, na yau da kullum kuma kusan MB 60. Sauran wayoyi na da nasu adadin, amma tazarar haka take da girma. Mahaya shida, sassa biyar, zagaye uku, kowane shiga rabin minti, ya zama minti 45. A kan 240 wannan ya haura GB 21, a kan 30 bai kai GB 3 ba. Mafita ita ce a ɗauki komai da bidiyo na yau da kullum, a ajiye mai jan motsi don wurin itace da kwana, a goge wanda ba a buƙata nan take.

Koyarwa. Amfanin bidiyon ya wuce raba gardama. Ka tsayar da shi daidai lokacin da ƙafa ta sauka, ka koma baya daƙiƙa biyu. Kusan kullum za ka ga kuskuren ya faru kafin nan: kai ya sunkuya, ko gwiwa ta matse tanki, ko hannu ya saki kuloci gaba ɗaya.

Rubuta maki da lokaci. Google Sheets na aiki ba data idan an saita fayil ɗin tun a gida, kuma zai tara jimla da kansa. Sunaye a jere ta ƙasa, sassa ta gefe. Manhajar rubutu ta waya ma ta isa, agogon gudu na cikin manhajar agogo. A riƙe takarda da biro a gefe, saboda batir ba shi da alƙawari.

Auna gangare. Na'urar da ke juya allo idan ka kwantar da waya ita ce ke iya auna karkata. Manhajar phyphox, wadda jami'ar RWTH Aachen ta Jamus ta samar kyauta, na da ma'aunin karkata. A iPhone akwai shi cikin Measure. A shimfiɗa katako a gangaren, a ɗora waya a kai, a karanta. Masu farawa su tsaya a kan digiri 10 zuwa 15. Ido na yaudara, lamba kuwa za ta ba ku damar ƙarawa kaɗan-kaɗan daga mako zuwa mako.

Taswira da kira. GPS daga tauraron ɗan'adam yake karɓa, saboda haka yana aiki ko babu sabis. Taswirar ce ke buƙatar saukewa tun da wuri a Google Maps, OsmAnd ko Organic Maps. Mutanen Zamfara sun ga amfanin wannan lokacin da aka katse layukan waya a Satumban 2021, wasu yankuna suka yi kusan wata uku a haka. Kuskuren GPS na waya a fili kusan mita 5 ne, ya isa nuna inda fili yake, bai isa shata sashe ba. In akwai sabis, a tura wa mutum ɗaya amintacce a gida wurin da ake ta WhatsApp, wanda ke ba da zaɓin minti 15, awa 1 ko awa 8. Mutum ɗaya aka ce, ba zauren mutum ɗari biyu ba.

Kada ka ɗaura waya a kan babur

A Satumban 2021 kamfanin Apple ya gargaɗi masu iPhone cewa girgizar injin manyan babura na iya lalata sashen kyamara mai hana hoto rawa da mai daidaita gani, ya kuma ba da shawarar ko a kan ƙananan babura a yi amfani da mariƙi mai shanye girgiza. Waɗannan sassa 'yan ƙananan abubuwa ne masu motsi a cikin kyamara, kuma wayoyin Android masu tsada da yawa na da irinsu. Ƙara da tsalle-tsallen fili da faɗuwa, lissafin bai fita ba. Mahayi ya bar wayarsa wajen mai riƙon kaya. A aljihun wando ma tana fashewa ta yanki cinya.

Zafi shi ne abokin gaba na biyu. Yawancin wayoyi an yi su ne su yi aiki a ƙasa da digiri 35, alhali a watannin Maris zuwa Mayu zafin Zamfara na haura 40. Ɗaukar bidiyo a rana na sa waya ta rage haske ko ta rufe kyamara. A cire mata riga, a riƙa hutar da ita a inuwa, kada a yi caji ana ɗauka. Da hunturu kuma ƙura ce matsala: a goge gilashin kyamara da tsumma mai laushi, a sa waya a leda mai zif idan ba a aiki da ita. Fawa bank ɗaya cikakke ya ishi wayoyi biyu.

Kowa da aikinsa

Daɗin wannan wasa shi ne wanda ba ya tuƙi ma yana da abin yi. A samu babba guda, kawu ko yaya da ake jin maganarsa, ya zama alƙali, hukuncinsa ne na ƙarshe. Mutum ɗaya ya riƙe maki, ɗaya bidiyo. A wurin gangare da itace a tsayar da mai tarewa. Ko a gasar duniya kowane gwani na da mai tsaya masa don kama babur. Wani kuma ya kula da 'yan kallo, a shata musu layi nesa da sashe, kada kowa ya tsaya a ƙasan gangare.

Ƙananan yara su yi nasu da keke a sassan farko biyu, da lissafi iri ɗaya. Wasan trial na keke ma daga na babur ya fito, a Sifen a ƙarshen shekarun 1970. Lasisin tuƙi a Nijeriya daga shekara 18 yake farawa. Ba goyo a cikin sashe, ba tsere, ba caca, kuma wanda ya sha wani abu ba ya hawa. In babur na aro ne ko na sana'a, a yi magana tun farko a kan wanda zai biya idan wani abu ya karye, domin babur ɗin da yaya ke ciyar da gida da shi ba abin wasa ba ne.

Tsarin lokaci mai sauƙi: a shata fili da ƙarfe 7, kowa ya taka sassan da ƙafa yana duba inda tayarsa za ta bi, a yi atisaye ba maki na awa ɗaya, a huta a sha ruwa, a yi zagaye uku na maki, a tashi kafin azahar. Gajiya na fara bayyana ne a yatsun kuloci da cinyoyi, kuma yawancin faɗuwa na zuwa ne a “bari in ƙara ɗaya”. Kafin a watse a kwashe igiya da tayoyi, a karkaɗe kaya a wanke hannu da fuska kafin a ci abinci ko a ɗauki yaro.

Idan wani ya faɗi

A fara kashe injin, a ɗage babur daga kansa. Idan ƙunar salansa ce: a zuba ruwa mai sanyi na tsawon minti 20, kada a shafa man goge baki, baƙin mai ko toka. Idan ya bugi kai ya suma, ko yana amai, ko ya rikice, ko yana kukan wuya, kada a ja shi, kada a fizge hular, a nemi ma'aikacin lafiya. Tun kafin a fara a san wace mota ko wane babur zai kai mutum asibitin Anka, Gummi ko Bukkuyum, da hanyar da ke da lafiya a ranar. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112, ta FRSC 122, amma lambar ma'aikacin lafiyar garinku za ta fi saurin amfani. Kowa ya cika bayanan gaggawa a saitin wayarsa, waɗanda ake gani ko waya na kulle.

Kafin ka ɗora bidiyon

Ku raba bidiyon a tsakaninku ta Xender ko Quick Share, ba sai an ƙona data ba. Amma kafin ya hau Facebook ko TikTok, a tsaya a yi tunani. Kada a yi shirin kai tsaye daga filin, kada a sanar da rana da wurin haɗuwa ta gaba a bainar jama'a. A kashe alamar wuri a saitin kyamara, domin hoto na iya ɗauke da ainihin inda aka ɗauke shi. A yanke duk inda lambar babur, ƙofar gida, wurin ajiye babura ko shingen jami'an tsaro ya fito. A nemi izinin duk wanda fuskarsa ta bayyana, musamman mata da yara. A yankin da ake sace babur da mai shi, bidiyon da ke nuna babura shida masu lafiya da inda suke kwana talla ce ga wanda ba ku gayyata ba.

A ajiye takardar makin. Idan kuka sake haɗuwa bayan mako biyu, kowa ya kwatanta jimlarsa da ta baya. Wanda ya sauko daga 30 zuwa 20 ya samu abin da ya zo nema, kuma zai ji bambancin ranar da damina ta cika hanyar gari da taɓo. Allah Ya tsare mu, Ya zaunar da yankinmu lafiya.